Jakin da Inna Ta Yi wa Magana

Shekaranjiya da hantsi ina zaune ina tsince wake, matar ɗana ta zo ta kanga mini waya a baki kamar mai ba mara lafiya magani. Ta ce, "Iya, ɗanki na ya aiko murya. Ya ce ki yi mishi magana da bakinki, shi ji." Mijin nata shi ne ɗana na fari, yana can biɗa, wato ci-rani, a arewa, shekara ta uku ke nan. Na buɗe baki, harshen ya ƙi. Na ce ta gaya masa kowa lafiya. Ta yi dariya ta ce ai wayar ba ta cizo, ta ɗauke abinta ta tafi. Ni kuwa tun daga lokacin waken nan bai ƙara gaba ba, domin ta tono mini abin da na daɗe ban taɓa ba.

Mu mutanen Adar biɗa a jininmu take. Ƙasarmu duwatsu ne da kwari, damina gajera, da an ɗaure gero an kai rumbu sai maza su fara kallon hanya. A zamaninmu in suka tafi, garin yakan koma na mata da tsofaffi. Ba ka jin komai sai daka daga gida zuwa gida, da kukan jakuna a hanyar rijiya, da igiya tana gurzar itacen bakin rijiya har ta yi masa tsagi. Yanzu injin niƙa ya cinye daka, kuma duk lungun da ka bi sai ka ga wata tana hira ita kaɗai da tafin hannunta. A da labarin matafiyi da ƙafa yake zuwa. In wani ya dawo, a kewaye shi a gindin gawo, kowa na tambayar nasa. In zai koma, a ɗora masa gaisuwa gida-gida, ya haddace. Abu guda ne ba a ɗora wa kowa, shi ne mutuwa. Ba a gaya wa wanda ke nesa an yi masa rashi, don tsofaffi na ganin baƙo ba shi da mai riƙe shi in ya faɗi. Kuma ba ƙarya ake shirga masa ba. A jera masa masu gaishe shi ne kawai, a tsallake sunan wanda ya tafi.

Haka aka yi wa yayana Shaibu, Allah ya ji ƙansa, a biɗarsa ta farko. Mahaifinmu ya rasu yana can, aka aika masa gaisuwar kowa ban da ta Baba. Ya dawo da bargo sabo ful da ya sayo wa tsohon, sai Baba Ila, ƙanen mahaifinmu, ya tare shi a bakin gari ya zaunar da shi a kan dutse ya gaya masa. Bayan kwana biyu Shaibu ya ce mini, "Na ji gaisuwar kowa ban ji tashi ba, ban kawo komi a raina ba. Ba a sake yi min wagga." Na ji maganar da kunnena. Wannan shi ne abin da har yau nake jin nauyinsa, don ba zan ce ban sani ba.

Shaibu shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mace ce da ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Duk matan zamaninta suna yi, amma ita ta fi kowa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In wani Shaibun ya shigo gidanmu, sai ta ce masa "mai suna". Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta miƙa masa ƙwarya hannu da hannu. In tana son gaya masa magana, sai ta gaya wa abin da ke kusa. Ta ce wa turmi gobe akwai noma a gonar tudu. Ta ce wa kaza wasu sun daɗe ba su wanke rigarsu ba. Shi kuma ya amsa wa turmin, ya ce ya ji. Mu ƙanana mu yi ta dariya a ɓoye. Amma nonon da ya fi kauri kullum a furarsa yake ƙarewa, kuma babu wanda ya taɓa ganin hannun da ya zuba.

Tafiyarsa ta uku ya yi arewa mai nisa, aikin gini. Shekarar farko saƙo na zuwa, daga nan shiru. Waɗanda suka dawo suka ce an yi ta kwasar baƙi a wuraren aiki ana sa musu kakin soja, ana tura su wani yaƙi can gabas cikin rairayi, yaƙin ƙasashe biyu da ba mu san abin da ya haɗa su ba. Damina biyu ta wuce. Wasu suka fara raɗe-raɗin a yi masa sadaka. Inna kuwa duk Juma'a tana share ɗakinsa, tana ce wa tsintsiya ƙura ta yi yawa.

Ni a lokacin ina gidan miji a cikin garin, kuma ni ce mai karatun danginmu. Ba don ƙwazo ba. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai lakkwal, wato makarantar boko, an duba an ga ni ce ba ni da amfani a gona, sai baki, aka miƙa ni. Shekara biyar na yi, na fito da Faransancin da bai fi cikin cokali ba, amma a garinmu ni ce mushe, wato malamar boko. Saboda haka ranar da wata farar mota ta masu agaji ta tsaya a ƙofar maigari, ni aka aika a kira. Wani mutum mai gilashi ya fito da takarda guda, ba ambulan, a buɗe kowa na iya gani. Ya ce daga wajen fursunonin yaƙi take. Gabanta saƙon mai aikowa, bayanta layukan amsa, a ƙirge. Ya ce labarin gida kawai ake rubutawa, domin masu tsaron can sai sun karanta kafin su ba shi, kuma ba a haɗa ta da komai. Ya ce nan da kwana bakwai a kai masa amsa garin Buza.

Na karanta a tsakar gidan Inna, ina juya musu da Hausa. Shaibu ba ya rubutu, wani abokin zamansa ne ya rubuta masa. Yana da rai. An kama shi, yana tsare, ana ba su abinci, ƙafarsa da ta yi rauni ta warke. Sai gaisuwa, kuma sunan farko na Inna ne. Mata suka fashe da guɗa, Baba Ila ya faɗi ya yi sujada. Inna ta tashi ta je ta kwance akuyar da ke ɗaure, ta sake ɗaure ta.

Wajen amsa aka yi rikici. Layi kaɗan, dangi da yawa, kuma a wurinmu wanda aka tsallake a gaisuwa an ci masa fuska. Baba Ila ya zauna ya tsara sunaye daga babba zuwa ƙarami, liman, maigari, baffanni, gwaggonni, har da wata tsohuwa da ta rantse ita ta yanke masa cibiya. Ni kuwa ina ta murɗa rubutu ƙanana ina jin kaina, ana kallon bik ɗin da nake rubutun da shi kamar abin sihiri. Da ya rage rabin layi, na ɗaga kai na ce, "Inna, ke fa?" Tana can gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ba mu baya. Ta ce, "Ni mi? Ɗan wa na? Ki rubuta abin da anka ce miki." Tsofaffin mata suka gyaɗa kai, suna yaba mata. Ni ma na ga daidai ne, haka na tashi na gani. Rabin layin nan na cike shi da cewa gero ya yi kyau bana.

Wata bakwai takarda ta yi kafin ta je ta dawo. Wannan karon rubutun bai kai rabin shafi ba. Na fara karantawa da ƙarfi, ina murna, sai na ji muryata ta tsaya. Shaibu ya ce ya sa an karanta masa sunayen sau uku, ya ji na kowa bai ji na Inna ba, kuma ya gane, kada mu wahalar da kanmu. Na sauke takardar. Inna ta ce, "Ƙarasa." Na ƙarasa. Ya ce Allah ya ji ƙan Inna, shi da abokan zamansa sun yi mata addu'a. Ya ce ya san baƙin cikin ɓatansa ne ya kashe ta, ba shi da idon da zai kalli ɗakinta. Masu kawo takardun suna tambayar kowane fursuna inda yake son a kai shi in an sake su, shi ya gaya musu ba gida ba. A ba Baba Ila gonarsa ya noma.

Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, jin ana yi wa Inna ta'aziyyar kanta tana zaune, sai ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye. Ni ban iya ɗaga kai ba. Maganar da ya gaya mini bayan rasuwar Baba ta dawo mini tiryan-tiryan, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Baba Ila ya ce, "To mi na na wuya? Ki rubuta Inna tana nan lahiya lau, tana gaishe shi, da manyan baƙaƙe." Na ce, "Baba, ba shi yarda. Ya san in an gano ya gane, abin da za mu ce ke nan. Kuma ya san Inna. Rad da yaj ji an ce Inna na gaishe shi, ran nan za shi tabbatar ta mutu, don da ranta ba ta yi." Wani ya ce Inna ta dangwala yatsa a takardar, aka ce ai kowa na da yatsa. Wani ya ce liman ya yi rantsuwa a rubuta, Baba Ila ya tuna cewa liman ɗin na cikin waɗanda suka ɓoye rasuwar Baba. Mun ɗaure kanmu da igiyarmu. In ta yi shiru ta mutu, in ta gaishe shi ma ta mutu, kuma ga kwana bakwan mai da amsa suna tafiya.

Kwana biyar suka wuce Inna ba ta ba da saƙo ba. Tana daka, tana zuwa rijiya, sai dai tuwon da take ci bai kai na yaye ba. Na yi fushi da ita ƙwarai a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wannan wace irin kunya ce da za ta bar ɗa ya ɓace a duniya. Ban san ita ma neman hanya take yi ba, hanyar da za ta bi ba tare da ta zama wata mace daban ba, don in ta zama wata daban ba zai gane ta ba.

Rana ta shida da safe ina kwari ina ban ruwan albasa, sai ga ta. Ta tsuguna a bakin fangali ta fara cire ciyawa, ba ta kalle ni ba. Can ta ce, kamar da albasar take, "A rubuta haka. Jakin da niy yi ma magana bayan rumbu rad da wani za shi tahiya, ya mutu bara. Wadda tay yi maganar tana nan. Kuma ba ta canza magana ba." Na ajiye ƙwarya na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan. Kada a sa gaisuwar kowa." Ta sa na maimaita sau uku. Na ce, "Inna, mi kinka ce ma jakin?" Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ke jaki ta?" Ta hau tudu ta tafi.

Baba Ila ya yi tsalle ya dire, ya ce ina aka taɓa aika takarda ba gaisuwar liman da maigari. A karon farko a rayuwata na ƙi jin maganarsa. Washegari ni da mijina muka taka har Buza. Mai gilashi ya karanta, ya cire gilashin, ya sake karantawa. Ya ce, "Jakin nan wane ne? Wani babban soja ne?" Na ce, "Jaki na, mai kunne biyu." Ya ce shi ya yarda, amma masu tsaron can in suka ga magana a dunƙule za su ɗauka zance ne a ɓoye, su shafe ta da baƙin tawada, ko su riƙe takardar gaba ɗaya. Ya yi tunani, ya ce in ƙara abin da zai nuna labarin gida ne. Sai na ƙara cewa baƙin jakin nan ne mai yankakken kunne, wake ya ci a gonar maƙwabta ya kumbura, an sha wahala kafin a ja shi bayan gari. Duk gaskiya ne. Sauran layukan na bar su fari fat, ina kallonsu ina jin kamar na aika wa yayana ƙwarya ba komai a ciki.

Amsa ba ta zo ba. Wata bakwai suka cika, suka wuce, aka yi shuka aka yi noma, farar mota ba ta sake biyowa ta garinmu ba. Ba mu san ko takardar ta isa ba, ko an shafe ta, ko ta isa ya ƙi yarda, ko ta tarar an sake shi ya bi duniya. 'Yan yanzu in suka aika murya aka yi jinkirin amsawa daga azahar zuwa la'asar sai su fara kumburi. Ina kallonsu ina cewa Allah ya sa kada ku san jiran da ake yi da damina. Inna ta rame har awarwaronta na zamewa, amma Juma'a ba ta taɓa wucewa ba ta share ɗakin nan ba.

Bayan girbi, wata rana da yamma ina gidan Inna muna daka ni da ita, taɓarya biyu a turmi ɗaya, sai muka ji hayaniya daga bakin hanya inda babbar motar Madawa ke sauke mutane. Hayaniyar ta yi ta matsowa. Wani dogon mutum ya shigo yana ɗingishi, ƙasusuwan wuyansa a waje, da 'yar jaka a hannu. Ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Taɓaryar Inna ta tsaya a sama, tawa ta sauka ita kaɗai. A duk shekarun da muka yi daka tare, ran nan ne kawai ta ɓata bugu. Ya tsuguna nesa da ita ya gaishe ta. Ta dubi cikin turmi ta ce, "An ishe mu lahiya." Sa'an nan ta ce mini, "Ki ba baƙon ga ruwa." Ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta fito ba sai da rana ta kusa faɗuwa, idanunta jawur, tana faɗa wai hayaƙi ya cika gidan, alhali ba a hura wuta ba.

Shaibu bai sake zuwa biɗa ba. Ya kama noman albasa, kuma ko Madawa ya kai kaya ba ya yarda ya kwana. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai yaƙi ya mai da shi kazar gida. Na tambaye shi maganar jakin ya fi sau goma, sai ya yi murmushi ya ce in tambayi jakin. Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka, ita tana gaya wa turmi, shi yana amsa wa turmi.

Ranar da Inna ta rasu, shi ya ɗauki gaban makara, da ɗingishinsa, ya ƙi yarda a karɓe shi har kushewa. Da suka dawo ya wuce masu zaman makoki ya je bayan rumbu ya zauna, ƙasa a gwiwoyinsa. Ya sa aka kira ni. Ya ce, "Nan jakin yake ɗaure. Na zo ɗaukar jakata, ita tana ba shi dussa, ba kowa sai mu. Tac ce, kai jaki, tahi ka yi kiwonka inda kag ga dama. Amma rad da za a ɗauke ni, kahwaɗarka nika so ƙarƙashin makara. Na roƙi Allah kada shi amshi raina kana nesa." Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Da anka karanta min cewa ba ta canza magana ba, ran nan nis sa anka goge abin da nic ce, anka rubuta gida."

Jiya da safe na kira matar ɗana na ce ta kawo wayar. Akuyata na ɗaure kusa, kuma Allah ya sani sai da na dube ta, don ita ce ta fi mini sauƙi. Amma na kau da kai na karɓi wayar da hannuna. Sunan dai bai fito ba, ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "Kai mai saurare, ni ta, da raina da lahiyata. Abin da kakarka tac ce ma jaki, kawunka ya ba ka labari. Ni ma shi nika cewa."

Ban gama tsince mudun waken ba amsa ta dawo, tafiyar da takarda ke yi a wata bakwai. Matar tasa ta kanga mini a kunne. Ina jin numfashinsa da ƙarar motoci a bayansa. Sa'an nan ya ce, "Na ji, Inna. Ku aje min iri, da ni za a yi shuka."